Ciwon da Ba a Zuwa Dubiyarsa

A ƙasar Hausa ciwo yana da haƙƙinsa. Duk wanda ya kwanta, ko zazzaɓi ne ko karaya, ya san abin da zai biyo baya. Kafin la'asar labari ya zaga unguwa. Mata su aiko da kunu a fulas, maza su biyo bayan magariba su tsugunna a bakin ƙofa, “Ya jiki? Allah ya sa kaffara ne.” Wani ya kawo lemo da ayaba a leda, wani ya cusa 'yan kuɗi ƙarƙashin matashi bai ce komai ba. In kuwa gado aka ba mutum a asibiti, ba a taɓa rasa wanda zai shimfiɗa tabarma a gefe ya kwana. Yawancinmu ba mu da inshorar lafiya, amma muna da dubiya da jinya, kuma su ne suka riƙe mu tun kaka da kakanni.

Sai dai akwai ciwo guda da dubiya ba ta san hanyar gidansa ba. Ba ya kumbura, ba ya jini, awon jini ba ya nuna shi. Mai shi yana tafiya da ƙafarsa, yana amsa gaisuwa da “lafiya lau,” domin ita ce amsar da aka koya mana tun muna yara. Mu bakwai ne a wajen mahaifinmu, kuma mun yi jinyarsa a kan wannan ciwo sama da shekara guda. A tsawon lokacin nan, waɗanda suka zo dubiya da sunan dubiya ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Maƙwabtanmu mutanen kirki ne. Ba su san akwai marar lafiya a gidan ba ne kawai.

Likitoci da gidajen rediyo suna kiransa ciwon damuwa. Sunan yana da tarko a cikinsa, domin damuwa abar kowa ce. Wanda kuɗin haya ya taso masa yana cikin damuwa, wadda aka yi wa kishiya tana cikin damuwa, ɗalibin da ya faɗi jarrabawa haka. Irin wannan damuwa tana da dalili, tana da ƙofar fita: a biya haya, a yi barci. Ciwon damuwa kuwa ko an biya hayar yana nan. Ko an yi wa mutum albishir, albishir ɗin ba ya isa inda ake jin daɗi. Shi ya sa idan aka ce wa mai shi “kowa ma yana da damuwa,” an faɗi gaskiya, amma ba a kan ciwonsa ake magana ba.

Baba tela ne a cikin birnin Kano. Shekara talatin da 'yan kai yana zaune a shagon da ke jikin zaurenmu, ƙarar kekensa ita ce agogon gidan. Mutum ne mai hira da son rediyo. Daga Landan ya murɗa zuwa Jamus, daga Jamus zuwa Amurka, da yamma kuma ya kai wa majalisar ƙofar gida abin da ya jiyo, har da ƙarin gishiri. Yana da abin alfahari guda da ba kowane tela ke da shi ba: bai taɓa sa wani ya yi sallah da tsohuwar riga ba.

A shekarar da abin ya zo, yana da shekara hamsin da tara. Ba a yi mana mutuwa ba, ba a yi gobara ba, ba a bin sa bashi. Ya aurar da 'yan matansa, ya sauke farali. Umma ce ta fara lura, kuma da rediyo ta lura. Batir ya ƙare, kwana uku bai aika a sayo ba. Daga nan kwanon tuwo ya fara dawowa kusan yadda aka kai shi. Sai farkawa ƙarfe uku na dare, ya zauna a bakin gado har a kira assalatu. Jikokin da yake ɓoye wa alawa a aljihu suka zama masu damunsa da surutu. Azumi ya zo, yadin mutane ya taru a shago. Yaron shagonsa ya faɗa mana cewa Baba yakan shimfiɗa shadda, ya ɗauki almakashi, ya tsaya a kanta tsawon lokaci, sannan ya ajiye ya ce a bari sai gobe. Mutumin da ke yanka babbar riga yana hira, ya kasa yanke inda zai sa almakashi.

Kowa ya kawo fassararsa. Gwaggo ta ce sammu ne, hassadar abokan sana'a. Kawu ya ce tsufa ne, kowa zai je. Wani a majalisa ya ce Alhaji ya yi kuɗi ya daina kula mutane. Wata ta raɗa wa Umma cewa ƙarin aure yake so ya rasa ta inda zai fara. Wadda ta fi ciwo ita ce ta masu cewa raunin imani ne, wai mai tawakkali ba ya shiga ƙunci. Ana faɗin haka a kan mutumin da yake jan ƙafarsa zuwa jam'i sau biyar a rana alhali ko ɗaga kofi nauyi yake yi masa.

Shi kansa bai taɓa cewa yana baƙin ciki ba. Abin da yake cewa shi ne tsakar kansa tana zafi, ƙirjinsa kamar an ɗora dutsen niƙa, jikinsa duk ya mutu. Aka auna maleriya, aka auna taifot, aka yi ƙarin ruwa, jiki bai sauya ba. Daga baya likita ta bayyana mana cewa haka ciwon yakan zo wa mutane da yawa a ƙasashenmu: ta bakin jiki yake magana. Ciwon kai, nauyin ƙirji, faɗuwar gaba, jin abu yana yawo a jiki, kasala. Ba ƙarya mai shi yake yi ba, yana jin su da gaske. Kuma dattijon da aka rena a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ya fi masa sauƙi ya ce kansa na ciwo da ya ce zuciyarsa ta mutu.

Wani dare ya ce wa Umma, cikin sanyin murya, “Da Allah zai karɓi abinsa, da kun huta da ni.” Umma ba ta yi barci ba. Da safe ta kira babban yayanmu ta faɗa masa. Baba yana da ciwon suga, kuma ranar ganin likitansa ta kusa. Da ranar ta zo, Yaya ya nemi izini ya shiga tare da shi, ya zayyana komai tun daga rediyo har zuwa maganar daren nan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Likitar ba ta wuce sa'ar ƙanwarmu ba. Ta ajiye biro ta juyo gare shi. “Baba, a 'yan makonnin nan, ana jin zuciya ta yi nauyi, kamar babu sauran abin da ake fata?” Ya yi shiru. “Abubuwan da aka saba jin daɗinsu fa, har yanzu ana jin daɗinsu?” Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, “'Yata, ko abinci ban san ɗanɗanonsa ba.” Ta tambayi barci, ta tambayi ci, ta tambayi tunani. Daga ƙarshe ta yi tambayar da babu wanda ya iya yi a gida: ko tunanin ya rabu da duniya yana zo masa, ko ya taɓa tunanin yi wa kansa wani abu. Ya ce tunanin mutuwa yana zuwa, amma yana tsoron Allah. Yaya ya ce da suka fito, ya ga kafaɗun Baba sun ɗan sauka, kamar wanda aka taya sauke kaya.

Tambayoyi biyun farko su ne ginshiƙin gane ciwon: ƙuncin da ya zauna, da mutuwar sha'awar abin da aka saba so. Idan ɗaya daga cikinsu ko duka biyun suka riƙe mutum mafi yawan yini, kusan kullum, har mako biyu ko fiye, sai a duba sauran alamomin: barci ya ƙi ko ya yi yawa, ci ya ragu ko ya ƙaru, gajiya ba tare da aiki ba, kasa tattara hankali ko yanke shawara, sanyin jiki ko rashin natsuwa, ganin kai ba shi da amfani, ɗora wa kai laifin da bai kai ya kawo ba, da tunanin mutuwa. Abin da ya raba shi da ɓacin ran yau da kullum shi ne daɗewa, da kuma yadda yake hana mutum sana'arsa da zamansa da iyali. Likita mai lura zai kuma duba jiki, domin ƙarancin jini, da matsalar halittar nan ta wuya da ke kawo maƙoƙo, da wasu magunguna, suna iya kawo alamomi masu kama da waɗannan. An duba wa Baba duk wannan.

Ba ciwon 'yan boko ba ne, ba kuma na Turawa ba. A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2023, mutum kusan miliyan 280 ke fama da shi a duniya, wato kimanin kashi 5 cikin 100 na manya. Ya fi kama mata a kan maza, kuma sama da kashi 10 cikin 100 na masu ciki da masu jego suna shiga cikinsa. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, fiye da kashi 75 cikin 100 na masu shi ba sa samun wani magani. Idan aka ɗauki wannan lissafi aka shiga da shi taron biki mai mutum ɗari, akwai kimanin biyar da suke murmushi da ƙyar. Wataƙila amaryar bara ce da ta haihu take kuka a banɗaki ana cewa shagwaɓa ce. Wataƙila saurayin nan ne da ake zagi a kan shaye-shaye, alhali barci yake nema ya rasa.

Tambayar da aka fi yi mana ita ce, “To me ya rasa?” Amsar ita ce ciwon ba ya jiran a rasa wani abu. Abubuwa ne suke haɗuwa: gadon jini, domin yakan bi dangi, abin da rayuwa ta ɗora wa mutum, kamar rashi, talauci, tashin hankali, zaman aure marar daɗi, kaɗaici, da ciwon jiki mai daɗewa irin su suga da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Waɗannan suna taɓa yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa barci da ci da kuzari da jin daɗi. A wajen wani dalilin a fili yake, a wajen wani kuwa ko shi bai san ta ina ya shigo ba. Da ya shigo kuma sai ya riƙa ciyar da kansa. Mutum ya ji nauyi ya daina fita. Rashin fitar ya raba shi da hira da aiki da hasken rana. Rabuwa da su ta ƙara masa nauyi. Sai ya ga aiki ya taru, ya ce lallai ni ba ni da amfani. Haka igiyar ke ƙara ɗaurewa.

Ga masu cewa raunin imani ne, limamin masallacinmu ya ishe mu amsa. Da Yaya ya je masa da maganar, sai ya tuna mana cewa Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har ganinsa ya tafi, kuma ba a zarge shi da ƙarancin imani ba. Ya tuna mana cewa a tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai shekarar da ake kira Shekarar Baƙin Ciki, wadda Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu a cikinta. Ya ce, “Ku ci gaba da addu'a, ni ma zan taya ku. Maganin asibiti kuma kada a fasa ko kwana ɗaya. Wanda ya karye ai ba a hana shi zuwa wajen maɗori don yana addu'a.”

Malaman Musulunci na da ma sun san wannan ciwo. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya rubuta littafi mai suna Masalihul Abdan wal Anfus a kan lafiyar jiki da ta rai. A ciki ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san dalilinsa, kamar rashin masoyi ko dukiya, da wanda yake faɗo wa mutum babu dalilin da ake gani, ya hana shi kuzari da jin daɗin komai. Na biyun ya danganta shi da jiki, ya ce yana buƙatar maganin jiki, tare da zama da mutanen da ke faranta rai. Sama da shekara dubu ke nan. Wanda ya ce ciwon damuwa baƙon abu ne da aka shigo mana da shi, bai leƙa taskar gidansu ba.

Maganin da aka sani yana da ƙafa biyu. Ta farko magana ce, amma ba kowace magana ba. Zama ne da wanda aka horar, mako bayan mako, a koya wa mutum ya kama tunanin da ke cewa “ba ni da amfani” ya auna shi da abin da yake zahiri, a rarraba masa matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya, a kuma mayar da shi cikin ayyukansa da kaɗan-kaɗan. Idan ciwon bai yi tsanani ba, wannan kaɗai yakan isa. Ƙafa ta biyu ƙwayar magani ce, irin su fuloksetin da amitiriftilin, ga wanda nasa ya yi nauyi. Likita ne ke zaɓa, domin abin da ya dace da matashi ba lallai ya dace da dattijo mai ciwon zuciya ba, kuma wanda yakan yi lokutan da kuzarinsa ke wuce kima, ya daina barci, ya riƙa ɓarnar kuɗi da yawan magana, nasa ciwon daban ne da magani daban. Shi ya sa ba a saye a kemis don an ji ya yi wa wani aiki.

An ɗora Baba a kan ƙwaya ɗaya kowace safiya. Likitar ta gargaɗe mu da abu uku. Na farko, maganin ba irin na ciwon kai ba ne. Yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci har shida, kafin a ga aikinsa, alhali 'yan matsalolinsa, irin su tashin zuciya, su ne ke fara zuwa. Na biyu, ba ya bugarwa kuma ba ya sa mutum neman ƙari kamar kayan maye, amma ba a yanke shi rana ɗaya, kuma ko an ji sauƙi sai an ci gaba da shi wata shida ko fiye. Na uku, a makonnin farko a ƙara sa ido, kada a bar shi shi kaɗai tsawon lokaci, a kawar da duk abin da ke da haɗari daga inda hannunsa ke kaiwa. Maganin ma a hannun Umma ya zauna. A kwana na goma Baba ya ce wannan ƙwaya ba ta komai, a daina ɓarnar kuɗi. Umma ta ce, “Alhaji, shuka ma ai ba ranar da aka yi ta take tsirowa ba.” Ya karɓa ya haɗiye.

Sauran aikin namu ne, kuma likitar ta ce shi ma magani ne. Ta ce kada mu jira sai ya ji sha'awar yin abu. A fara yin abin, sha'awar za ta tarar da shi a hanya. Muka raba jinya kamar yadda ake rabawa idan mutum yana gadon asibiti. Autanmu yake raka shi sallar asuba, su dawo ta doguwar hanya don ƙafa ta motsa. Yaron shago yakan kawo masa aiki ɗaya tak a rana, sa maɓalli ko gyaran wuyan riga, ba yanka ba. Yayarmu ta karɓi yadin mutane ta rarraba wa abokan sana'arsa, ta ba masu kaya haƙuri, don tulin nan ya daina kallonsa. An daina tambayarsa me ke damunsa, an daina yi masa lissafin ni'imomin da ya kamata ya gode. Ya san su sarai. Rashin iya jin daɗinsu shi ne ciwon.

A cikin mutanen waje, wanda ya fi kowa iya wannan dubiya shi ne tsohon abokinsa mai wankin hula. Bai san sunan ciwon ba, bai kuma tambaya ba. Kullum bayan la'asar zai zo ya zauna a dakalin zaure, ya ba da labarin kasuwa da na wanda ya kawo hula ya manta da ita shekara biyu. Baba ya yi shiru, shi kuma bai damu ba. In magariba ta yi ya ce, “To Alhaji, sai gobe in Allah ya kai mu.” Gobe kuma ya dawo. Zumunta a ƙafa take, kuma ƙafar wannan bawan Allah ta yi abin da nasiha ba ta yi ba.

Abin da muka yi a zaurenmu an taɓa gina asibiti a kansa a ƙasar nan. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta: maimakon a kulle marasa lafiyar ƙwaƙwalwa, sai a sauke su a gidajen ƙauyukan da ke kewaye, kowane da ɗan'uwansa mai jinya, su riƙa zuwa asibiti da rana suna komawa cikin jama'a. Tsarin ya yi suna a duniya, shi kuma daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A Zimbabuwe, inda masu harshen Shona ke kiran wannan hali da kalmar da ke nufin yawan tunani, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibitocin unguwa suna sauraron mutane, suna taya su warware matsala ɗaya bayan ɗaya. A binciken da aka buga a 2016, bayan wata shida, kimanin kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna da kakannin ne ke da sauran alamomin ciwon, a ɗaya rukunin kuwa kusan rabi. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, ga mutum sama da miliyan 200, don haka ba za su taɓa isa su kaɗai ba. Amma dakali da tsofaffi masu iya sauraro, waɗannan ba mu rasa su ba. Horo suke jira.

Babban shingen shi ne tsoron suna. A Kano idan aka ce “sai Dawanau,” kowa ya san abin da ake nufi, kuma babu mai son a faɗa a kan mahaifinsa, balle a gidan da ke da 'yan mata da samarin da ba su yi aure ba. Tsoron yana da tushe. Shekaru da dama dokar da ke kula da wannan fanni ita ce ta 1958, wadda ta fi mayar da hankali ga tsare mutum a kan warkar da shi, sai a Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbinta. Amma ciwon damuwa ba hauka ba ne, kuma mafi yawan masu shi ba a ba su gado. Suna ganin likita su koma gida, kamar mai hawan jini. Ana iya farawa daga likitan da aka saba gani a babban asibiti. Idan abin ya fi ƙarfinsa, akwai sashen ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa, akwai kuma asibitocin wannan fanni a Dawanau, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Ƙofofinsu ƙofofin asibiti ne kamar kowane.

Sauƙi bai zo wa Baba rana ɗaya ba. Barci ne ya fara dawowa, sai ci. A mako na shida ya ɗanɗana miya ya ce gishiri ya yi yawa. Umma ta shiga ɗaki ta yi kuka, domin wata biyar rabon da ya san akwai gishiri a duniya. A wata na uku ya yanka wa jikansa 'yar shara. Akwai makonnin da ya koma baya, muka ɗauki haƙuri, likita ta gyara awon maganin. Ya sha shi kusan shekara, aka riƙa ragewa a hankali har aka tsayar. An faɗa mana ciwon yana iya dawowa, domin kusan rabin waɗanda suka taɓa yin sa yakan sake ziyartarsu. Shi ma ya sani. Shi da bakinsa ya ce wa Umma, duk ranar da ta ga batir ya ƙare bai yi cigiya ba, kada ta jira kowa, ta kira likita.

Dubiyar wannan ciwo ba ta buƙatar lemo da ayaba. A je, a zauna, a dawo gobe. Idan an gaisa ya ce lafiya lau, a ɗan jira, a sake tambaya a hankali: ana samun barci kuwa? Kada a ce masa ya cire abin a ransa, da yana ciruwa da tuni ya cire. A ɗauke masa aiki guda da ya tsaya masa. A ce za a raka shi asibiti, a kuma raka shi. Idan ya ambaci mutuwa, ko da cikin wasa ne, a tambaye shi kai tsaye. Tambaya ba ta shuka tunanin, tana buɗe masa ƙofa ne. Idan ya ce yana da niyyar yi wa kansa illa, wannan ba maganar gobe ba ce: kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Kai kuma, ko ke, da ke karanta wannan a waya da tsakar dare saboda barci ya ƙi, kuma kowace alama da aka lissafa ta yi kama da labarin gida: abin nan yana da suna, yana da magani, kuma mutane da yawa sun warke daga gare shi. Muryar da ke cewa kowa zai huta idan babu kai, muryar ciwon ce, ba gaskiyar iyalinka ba. Mu da muka ji an faɗi wannan magana a gidanmu muna shaida cewa babu wanda zai huta. Idan gari ya waye, a samu mutum ɗaya da aka yarda da shi, uwa ko aboki, limami ko fasto, a faɗa masa yadda ake ciki, a roƙe shi rakiya zuwa wajen likita. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na kwance da na tsaye.